Da ta ce a'a, me zai same ta?

Aikina gyaran rubutu ne. Marubuta, yawancinsu mata masu ƙananan shekaru, sukan turo mini labarinsu kafin su sake shi a WhatsApp ko Wattpad, ko kafin su kai shi maɗaba'a, ni kuma in bi shi layi-layi. In raba kalmomin da aka haɗe, in gyara inda alƙalami ya zarce, in tuna wa marubuciya cewa jarumar da ta ce shekarunta sha takwas a babi na biyu ta koma sha shida a babi na tara. Iyakar abin da ake biyana a kai ke nan. Sai dai wanda ya daɗe yana karanta labaran soyayya da jan biro a hannu, dole idonsa ya fara ganin yadda aka gina labarin tun daga tushe. Kaso mai tsoka na abin da ke zuwa hannuna labarin yarima ne da baiwarsa, ko ɗan sarkin aljanu da 'yar bil'adama, ko wani sadaukin sarki a wata daula da ba ta cikin taswirar duniya. Da na koma makaranta neman digiri na biyu, a kan irin waɗannan littattafai na yi nazarina, namu da na Turawa, domin in gane abin da ya sa suke cin kasuwa haka, da abin da ya sa wasu shafukansu ke tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Ga irin shafin da nake nufi, kuma duk mai karanta littattafan nan ya san shi ko da sunaye sun bambanta. An kawo yarinya fada, kyauta daga wani hakimi ko ganimar yaƙi. Yarima miskili ne, ba ya magana sai da ido, kowa na shakkarsa har mahaifiyar da ta haife shi. Wata rana ya ɗaga kai ya gan ta tana zuba masa ruwa, sai ya yi wa jakadiya nuni da yatsa. Marubuciya za ta ba shirin daren shafi uku cur: dilka, lalle, turaren wuta, humra a bayan kunne, alkyabba mai ruwan zinare. Kukan yarinyar kuwa layi biyu ne rabonsa. A turaka ta zube ƙasa tana cewa, "Ranka ya daɗe, ka yi mini rai," shi ko ko kallo ba ta ishe shi ba. Sai a ja labule. Da asuba a nuna mana shi hankali a tashe, da hannunsa ya haɗa mata ruwan zafi, ya aika a kira mai magani, ya daka wa duk wanda ya yi motsi kusa da ƙofa tsawa. Daga nan labari ya juya. Kafin a kai babi na talatin ita ce ke ramewa saboda kishinsa.

Duk lokacin da na ja layi a ƙarƙashin irin wannan shafi, amsar da nake samu ba ta wuce uku. "Ai Anti daga baya ta so shi." Ko, "Ai mallakinsa ce." Ko, "Ai an riga an ɗaura aure." Ta farkon ce ta fi yawa, kuma ita ce ta koya mini abu na farko: son da ya zo daga baya ba ya komawa ya wanke daren da ya gabace shi. Saboda haka yanzu tambaya ɗaya nake rubutawa a gefen shafin. Da ta ce a'a, me zai same ta? In amsar ita ce za a yi mata bulala, ko a kashe mahaifinta, ko a kori danginta daga gari, ko kuwa ba ma wanda zai saurare ta balle ya tsaya, to "to" ɗin da ya fito daga bakinta ba yarda ba ce. Dole ce, ƙanwar naƙi.

Tambayar nan a cikin wata tsohuwar tatsuniyar Faransawa na fara ganinta ƙarara, wadda kusan duk irin waɗannan littattafai na Turai da Amurka jikokinta ne: labarin kyakkyawar yarinya da dodo. Wata marubuciya, Madame de Villeneuve, ta wallafa shi a 1740, wata kuma, Madame de Beaumont, ta taƙaita shi a 1756, kuma nata ne ya fi yaɗuwa. Wani ɗan kasuwa ya tsinki fure a lambun dodo, dodo ya ce ransa ne fansa, sai fa in ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata ta zo a madadinsa da son ranta. Autar ta zo. Dodo ya tambaye ta ko da son ranta ta zo, ta amsa masa da e, jikinta na rawa. Rawar jikin nan Madame de Beaumont ba ta ɓoye ta ba. Fiye da shekara 260 da suka wuce ta san cewa amsar da aka bayar alhali ran uba na hannun mai tambaya, ba amsa ba ce. Abin da ya biyo baya ya fi ɗaukar hankalina. Kowane dare dodo yakan tambaye ta ko za ta aure shi, ta ce a'a, ya yi ajiyar zuciya ya tafi ya bar ta. Ba ta kuma gane tana son sa ba sai da ya sake ta ta koma gidan mahaifinta, inda ba abin da zai tilasta mata dawowa. Jikokin wannan tatsuniya da yawa sun gaji fadar da kullen, sun watsar da tambayar da sakin.

A Amurka, littafin da ake cewa shi ya buɗe kasuwar labaran soyayya ta zamani shi ne na Kathleen Woodiwiss, The Flame and the Flower, na 1972. A farkonsa jarumin, wani kyaftin na jirgin ruwa, ya ɗauki jarumar a matsayin karuwa ya yi mata fyaɗe, ta sami ciki, aka tilasta musu aure, sannan soyayya ta biyo baya. An yi ta kwaikwayon wannan salo shekara da shekaru kafin masu karatu su fara ƙyamarsa. Da suka ƙyamace shi bai ɓace ba, ƙaura ya yi zuwa duniyar tsafi da halittun ɓoye, inda ya fi samun mafaka. A Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005, yarinyar shekararta 17, saurayin kuwa halitta ce mai shan jini da ta haura shekara ɗari. Yakan shiga ɗakinta da dare ba da saninta ba ya zauna yana kallonta tana barci, a wani littafin na gaba ma har ya lalata mata mota don kada ta je wajen abokinta, duk da sunan yana kare ta. A littafin Sarah J. Maas na 2015, A Court of Thorns and Roses, yarinya 'yar shekara 19 aka ɗauke zuwa ƙasar wasu halittu masu kama da aljanu a matsayin diyya. Wanda zai zama mijinta daga baya, mai shekara sama da 500, ya same ta a kurkuku ciwo na neman kashe ta, ya ce zai warkar da ita in ta yarda ta riƙa ba shi mako guda a kowane wata. Ta yarda. Wa zai ƙi, mutuwa na tsaye a kansa? Littafi na biyu ya zo ya yi bayanin cewa duk abin da ya yi mata, har shayar da ita abin gusar da hankali a sa ta rawa a gaban jama'a, don ya cece ta ne. Zan faɗi gaskiya, littafin na biyu ya yi wani abu mai kyau: saurayinta na farko da ya kulle ta a gida da sunan kariya, an nuna kullen a matsayin zalunci, ta kuma bar shi. Amma ma'aunin da aka auna na farkon da shi ba a auna na biyun da shi ba. Kasuwar nan kuma ba ƙarama ba ce. A Janairun 2025 wani littafin Rebecca Yarros na wannan rukuni ya sayar da kwafi miliyan 2.7 a makonsa na farko.

Abin da tsafi ke yi a labarin soyayya shi ne ya ɗauki ratar da ke tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi ya ninka ta har ta fi ƙarfin lissafi. A labarin Alhaji mai kuɗi da 'yar talaka, aƙalla akwai gidan kawu da za ta yi yaji, akwai alƙali, akwai tashar mota. A labarin ɗan sarkin aljanu ba ko ɗaya. Ya girme ta da ɗaruruwan shekaru, yana ganinta ba ta ganinsa, yana jin abin da ke ranta, ƙasarsa ce, dokarsa ce, hanyar komawa gida ma shi kaɗai ya san ta. Sannan a zo da dabarar da ta fi kowace damuna, wato a ce tun kafin a haife ta an ƙulla ruhinta da nasa. Turawa na da tasu irin, inda namijin kan ji a jikinsa cewa wance abokiyar halittarsa ce. Mu kuma mukan sa wani tambari a kafaɗarta, ko wani zobe da kakarta ta gada, ko alƙawarin da mahaifinta ya yi wa sarkin aljanu a bakin rijiya lokacin da yake neman haihuwa. Da zarar an kafa wannan, ƙin da take yi ya tashi daga ra'ayi ya koma jahilci. Mai karatu ya san gaskiya, jarumi ya sani, ita kaɗai ce ba ta gane ba tukuna, don haka duk "a'a" da ta faɗa jinkiri ne kawai ake jira ya wuce.

Wata marubuciya ta taɓa kawo mini labarin da jarumi ya sa boka ya yi wa yarinya asiri ta so shi, ya aure ta, daga baya asirin ya karye amma ta zauna saboda ta ga kirkinsa. Na ce mata, ƙanwata, ko a dokar ƙasa an san da wannan. Dokar hana cin zarafin mutane da Najeriya ta kafa a 2015 ba ta ɗauki yardar da aka samu ta hanyar barazana, ko tsoratarwa, ko yaudara, ko ba mutum wani abu da zai gusar masa da zaɓinsa a matsayin yarda ba. Asirin mallaka a labari ba shi da maraba da ƙwayar da aka jefa a lemo. Kuma mu da muka san matan da ake kaiwa wajen malamai ruƙiyya saboda namijin dare, mun ga yadda suke ramewa, aure ya gagara, barci ya zama abin tsoro. Ba wadda ta taɓa kiran wannan soyayya. A littafi ne kawai ake sa masa farar shadda da ƙamshin miski.

To me ya sa mata, waɗanda su ne suka fi kowa sanin ɗacin tilas, su ne ke rubuta wannan, su ne kuma ke biyan kuɗi su karanta? A nan na fi daɗewa, kuma a nan ne na daina jin haushin marubutan. Kunya ce tushen abin. Budurwar da aka tambaya a gaban iyaye ko tana son wane, abin da ake jira ta yi shi ne ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗaki. Wadda ta buɗe baki ta ce tana so, an ce idonta ya buɗe, ko fitsararriya ce. Tun muna yara tatsuniya ta gaya mana makomar yarinyar da ta kafe sai ta zaɓi miji da kanta, miji marar tabo ko ɗaya a jiki: maciji ta aura. Marubuciya kuwa tana son jaruma mai kamun kai wadda kowa zai yaba, tana kuma son labarin ya yi zafi. Ta yaya za ta haɗa biyun? Sai ta ɗauke wa jarumar zaɓi. In an tilasta mata, ba wanda zai zarge ta, mai karatu ma za ta iya bin labarin ba tare da ta ji ta yi abin kunya ba. Abin da ya faru a Amurka a shekarun 1970 ke nan, lokacin da ake ganin 'yar mutunci ba ta cewa e. Tilas a irin waɗannan littattafai garkuwa ce da marubuciya ke riƙa wa mutuncin jarumarta. Na fahimci wannan, ina kuma tausaya masa. Sai dai garkuwar na da tsada, domin ba ta tsayawa sai an wanke namijin, a ce son ta ne ya yi masa yawa har ya kasa riƙe kansa. Wannan jimla kuwa ba a littafi kaɗai ake faɗarta ba. Ana faɗa wa mata ita a ɗakunan gaske, a kuma ce su yi haƙuri.

Wata malamar jami'a a Amurka, Janice Radway, ta zauna da wasu matan aure masu yawan karanta littattafan soyayya a wani gari, ta fitar da bincikenta a 1984. Matan sun gaya mata cewa lokacin karatun nan shi ne kaɗai nasu na kansu a yini, bayan sun gama hidimar miji da 'ya'ya. Ba sa son littafin da jarumi ya cika mugunta. Abin da suke nema shi ne wurin da ƙaƙƙarfan namijin nan zai sassauto ya kula da ita. Da na karanta wannan sai na koma na duba abin da masu karatunmu ke faɗa bayan an saki irin babin da na kawo a sama. Ba wadda ke yabon daren. Safiyar suke yabo. "Wayyo, da kansa ya haɗa mata ruwa." "Allah ka ba mu irinsa." Kulawa suke saye. Akwai matan da suka shekara goma a ɗakin aure ba a taɓa tambayarsu ko sun ci abinci ba, ga littafi ya ba su sarki guda yana fifita wa mace shayi. Ba ni da bakin raina wannan ƙishirwa, kuma ina jin zafin masu cewa matan nan ba su da aikin yi. Ƙorafina shi ne farashin da labarin ya sa wa kulawar, wato sai an ji miki ciwo tukuna za a lallashe ki. Matar da ta mallaki hankalinta ta san bambancin labari da rayuwa. 'Yar shekara sha huɗu da ta ari wayar mamanta da sunan aikin makaranta, wadda ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata maganar aure, a nan take ɗaukar darasinta na farko.

Wani abin da aikin ya nuna mini shi ne mun daɗe muna faɗa a kan littattafan nan, amma a gefen matsalar muke faɗan. Tun da aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a Kano a 2001, har zuwa 2007 da aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a da sunan kare tarbiyyar 'yan mata, maganar ɗaya ce: batsa. An ambaci jiki ko ba a ambata ba, an ja labule ko ba a ja ba. Ban ce wannan ba abin dubawa ba ne. Amma da wannan ma'auni, shafin da miji da mata ke son juna kuma kowa ya yarda zai iya faɗuwa saboda kalma ɗaya, shafin da aka danne yarinya tana kuka kuwa ya wuce lafiya lau saboda an rubuta shi da sakaya. Abin mamaki, adabin kasuwar Kano da aka fi zagi ya fi mu ƙarfin hali a nan. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka aurar tana ƙaramar yarinya, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. An cire jarumarta daga makaranta an aurar da ita ga wani dattijo, kuma littafin bai taɓa yi wa wannan aure kwalliya ba. Yarinyar ta gudu, ta nemi ilimi, ta zama mutum. Marubutan wancan zamani yaƙi suke yi da auren dole. Yanzu, bayan fiye da shekara talatin, sai ga auren dolen ya dawo da rawani da alkyabba, an mai da shi abin sha'awa.

Masu cewa "ai mallakinsa ce" ko "ai an ɗaura" yawanci da addini suke fakewa, shi ya sa nake ba su labarin Barira, wanda ke cikin Bukhari. Baiwa ce, Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta ta, aka ba ta zaɓi ko ta zauna da mijinta Mugisu ko ta rabu da shi. Ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa bin ta a titunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abbas ko bai yi mamakin irin son da Mugisu ke yi wa Barira da irin ƙin da take yi masa ba. Sai ya ce mata da ma ta koma masa. Ta tambaye shi, umartata kake yi, ya Manzon Allah? Ya ce a'a, ceto kawai nake yi. Ta ce to ba ta da buƙatarsa. Maganar ta ƙare a nan. Ku dubi ratar da ke tsakanin mai roƙon da wadda ake roƙo: fiyayyen halitta, da matar da jiya-jiya take baiwa. Ta san nauyin bakinsa, shi ya sa ta tambaya ko umarni ne. Shi kuma ya sauke mata nauyin da kansa, ya bayyana mata cewa tana da damar ƙi, da ta ƙi kuma ba abin da ya same ta. Hawayen Mugisu na gaskiya ne, amma ba su zama hujja a kanta ba. A littattafanmu da Mugisu ne jarumi, da an sa Barira ta yi nadama kafin babin ƙarshe. Ga kuma Khansa'u 'yar Khizam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da son ranta ba, ta kai ƙara, aka warware auren.

Sai su kawo mini hadisin da ya ce izinin budurwa shi ne shirunta. Gaskiya ne, kuma sassauci ne aka yi wa mai jin kunya. Amma waliyyi ba ya ganin zuciya, shi ya sa yake dogara da shiru, malamai ma sun yi magana a kan shirun da ke tare da alamar ƙi. Marubuciya kuwa ba ta da wannan uzuri. Ita ta halicci yarinyar a takarda, ita ta rubuta mana da hannunta cewa zuciyarta na dukan uku-uku, tana addu'ar ƙasa ta tsage ta shige. Ba za ta nuna mana tsoro a sakin layi na farko ba, sannan a na biyu ta ce mana kunya ce.

Ba na cewa kowa ya cire mugun sarki daga labarinsa. Dare Dubu da Ɗaya kansa a kan sarkin da ke auren budurwa ya kashe ta da safe aka gina shi, amma ba inda labarin ya manta cewa sarkin makashi ne, kuma dabarar Shaharzadu ta kuɓutar da rai ce. Abin da nake roƙo shi ne labari ya san abin da ya faru a cikinsa. In jarumi ya yi zalunci, a kira shi zalunci, ya biya, ta kuma sami bakin faɗa masa.

Wata yarinya mai basira ƙwarai ta kawo mini labarin yarima da baiwa irin wanda na bayyana. Na ce mata ta sa ya 'yanta ta, ya ba ta guzuri da 'yan rakiya, ya buɗe mata ƙofar gari. Ta kira ni a waya muryarta a sama. "Anti, in ta tafi ai labarin ya mutu! Mutane kuɗi suka biya fa." Na ce, "Ƙanwata, gwada babi biyu ki gani. In ya mutu ki dawo da naki." Ta gwada. Baiwar ta tafi, kuma ba ta waiwayo ba. Sai labarin ya sami abin da da ba shi da shi, wato mai karatu bai san yadda za a ƙare ba. Yariman da bai taɓa neman abu ya rasa ba ya je ƙauyensu ba dogari ko ɗaya, ya zauna a tabarmar zaure tun hantsi har la'asar, ƙanin mahaifinta na gyaran igiyar shanu yana amsa masa gaisuwa da ƙyar. Da ta fito ba ta durƙusa ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaya masa abin da ya yi mata a daren nan, ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya tafi. Marubuciyar ta gaya mini tana rubuta wannan shafi tana kuka. Masu karatunta sun rabu biyu. Wasu suka ce ta wulaƙanta musu yarima, har da masu neman a mayar musu da kuɗinsu. Wasu kuma suka riƙa bin ta ta bayan fage suna ba ta labarin nasu daren farkon, abin da ba su taɓa gaya wa ko iyayensu mata ba.

Labarin aljani ya fi wuyar gyara, domin yarima na iya ajiye rawani, aljani kuwa ba zai daina zama aljani ba. Ratar ba ta cikuwa. Abin da ake iyawa shi ne a ɗaure mai ƙarfin da sharuɗɗan da ba zai iya tsallakewa ba, a kuma ba ta makaminsu a hannunta. A wanda nake gyarawa yanzu mun yi yarjejeniya da marubuciyar cewa zai gaya mata ko shi wane ne tun kafin ta fara son sa, maimakon ya zo mata a siffar ɗan makwabta. Ba zai iya shiga inda take ba sai ta kira sunansa, ba zai leƙa zuciyarta ba, alƙawarin da mahaifinta ya yi a bakin rijiya kuma mahaifin ne zai ɗauki nauyinsa, ba ita ba. A kan shekarun jarumar ne muka fi jan zance. Ita ta nace a kan sha bakwai, wai masu karatu sun fi son ƙaramar yarinya kusa da tsohon aljani. Ni na ce ashirin da biyar. Mun tsaya a kan ashirin da biyu, ta gama makarantar koyon aikin jinya, tana da albashinta da ɗakinta a gidan yayarta.